Saƙon Litinin: littafin aikin tunatar da masu hawan jini ta waya

6 ga Mayu, 2024

Yau muka buɗe littafin nan. Mu uku ne a aikin: ni mai rubuta saƙonni da riƙe lissafi, abokina mai rubuta manhaja wanda muke ce wa Injiniya, sai ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista. Mutum 40 suka sa hannu cewa sun yarda, dukansu masu hawan jini ne da likita ya riga ya ɗora a kan magani. Abu uku muke nema su dage a kai: shan magani kullum, tafiya a ƙasa, da awon jini sau ɗaya a mako.

Abin da ya ja ni cikin aikin tsohon zance ne. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce a ƙasashe masu arziki ma, kusan rabin masu doguwar cuta ne kawai ke shan magani yadda aka ce su sha. Hawan jini kuwa ya fi kowace cuta sauƙin a yi masa sakaci, don ba ya ciwo. Mutum zai bar magani mako biyu, ya tashi garau, ya ce ai ga shi nan ba abin da ya same shi. A 2021 Hukumar ta ƙiyasta masu cutar a duniya, daga shekara 30 zuwa 79, sun kai biliyan 1.28, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ya sauka inda ake so.

Mun kwana uku muna gardama da Injiniya. Shi manhaja yake so, mai launi da zane da ƙararrawa. Ni na ce tes. Hujjata ta farko, mutum 14 cikin 40 ɗin ƙaramar waya ce a hannunsu, rakani-banɗaki, wadda ba ta ɗaukar manhaja. Ta biyu, wani nazari na 2019 da ya bi manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa 93 ya gano cewa bayan kwana 30 da saukewa, wajen mutum 3 cikin 100 ne ke ci gaba da buɗe su. Injiniya ya ce tasa za ta bambanta. Na ce kowane mai manhaja haka ya ce. Sista ce ta raba mu: a fara da tes, in an ga dalili a ƙara.

17 ga Mayu

Ban taɓa zaton ƙugiyar harafi za ta ci min mako guda ba. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da sharaɗin duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin salula tun farko. Ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin jerin. Da zarar ka sa ɗaya tak, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin rubutu da ke ɗaukar harafi 70 kacal. Saƙona na farko mai harafi 150 ya rabe gida uku, aka caje mu kuɗin uku. Da muka gwada a ƙaramar waya kuma, inda ƙ take sai ga ɗan akwati fanko.

Na zauna na sake rubuta komai. Inda zan iya kauce wa kalma mai ƙugiya na kauce: "ƙwaya" ta zama "magani". Inda ba hali na cire ƙugiyar, ina ji a raina kamar na yi wa kalmar aski ba da izininta ba. Sista ta yi min dariya, ta ce mutanen nan shekara nawa suna karanta "daki" su gane ɗaki ake nufi. Gaskiyarta. Abin da nake dubawa yanzu shi ne inda cire ƙugiya zai juya ma'ana, irin "ɓata" da "bata", ko "ƙafa" da "kafa".

3 ga Yuni

An fara. Ƙarfe 7 na safe kullum saƙo yana fita: "Barka da safiya. Lokacin magani ya yi. In an sha a turo 1." Yau 36 suka amsa. Injiniya ya buɗe kwamfuta yana kallon lambobi suna shigowa kamar mai kallon wasan ƙwallo.

12 ga Yuni

Daren jiya an yi abin kunya. Layin kamfanin da muke bi ta wurinsa ya cushe tun safe, saƙonni suka maƙale, namu tsarin kuma da ya ga ba su isa ba sai ya yi ta sake turawa. Wajen ƙarfe 2 na dare hanya ta buɗe, kowa ya samu "Barka da safiya" sau uku a jere.

Da asuba dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinsu ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, lafiya dai ko? Na ji waya tana ta kuka cikin dare, na ɗauka rasuwa aka yi." Na ce, "Wallahi Baba kuskurenmu ne, a yi mana haƙuri." Ya ce ba komai, sai dai ya tashi ya sha maganin tun da an ce lokaci ya yi, yanzu da safe ya ƙara ne ko ya bari? Nan gabana ya faɗi. Na haɗa shi da Sista nan take, ta ce kada ya ƙara, na yau ya wadatar. Sai da ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar ba wanda ya sha biyu.

Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum zai bi saƙon har haka ba. Mun sa doka biyu: daga 9 na dare zuwa 6 na safe ba abin da zai fita, kuma duk saƙon da ya yi awa biyu bai isa ba, a jefar da shi.

1 ga Yuli

Amsoshi sun yi ƙasa sosai. Makon farko kusan kowa, yanzu da ƙyar rabi. Na kira wasu na tambaya. Wata Hajiya ta ce, "Malam, ai ina gani. Da na ji ƙarar na san ku ne, ba na ma buɗewa." Saƙonmu ya zama kamar ƙarar fanka a ɗaki, kunne ya saba har ya daina ji. Masu wannan fanni sun daɗe da sanin haka. Tun 2005 Gunther Eysenbach ya rubuta cewa zubewar masu amfani a hankali ita ce ɗabi'ar kusan duk wani shirin lafiya na intanet, kuma a riƙa auna ta maimakon a ɓoye.

Na koma na sake karanta gwaji biyu da aka yi a Kenya kan masu shan maganin cutar ƙanjamau, na ga amsar tana ciki tun can, ni ne na karanta da gaggawa. A ɗaya, wanda aka buga a 2011, an raba mutane: wasu ana tura masu tunatarwa kullum, wasu sau ɗaya a mako. Na mako-mako sun fi waɗanda ba a tura wa komai dagewa kan magani. Na kullum kuwa ba su bambanta da waɗanda ba a tura wa ba. Wato abin da muke yi wata guda ke nan shi ne wanda aka riga aka gwada bai yi ba.

Ɗayan, mai suna WelTel, an buga shi a mujallar Lancet a 2010, da marasa lafiya 538. Saƙonsu kalma ɗaya ce ta Suwahili, "Mambo?", wato yaya dai. Mutum ya amsa "Sawa" in lafiya, ko "Shida" in da matsala. Wanda ya ce da matsala, ko ya yi shiru har awa 48, ma'aikacin asibiti ya kira shi. Ko kalmar magani babu a cikin saƙon. Duk da haka waɗanda ake tura wa sun fi dagewa, kuma a gwajin jini an fi samun ƙwayar cutar ta kwanta a jikinsu. Da na karanta a karo na biyu sai na lura da abin da na tsallake a farko: tambaya ce suke yi, kuma a bayan tambayar akwai mutumin da zai ɗaga waya.

Daga yau mun soke na kullum. Litinin kawai: "Yaya jiki da magani a makon nan? 1 lafiya, 2 da matsala." Mai 2 da mai shiru, Sista za ta kira zuwa Laraba.

Injiniya ya tambaya, to wa zai tuna masu da safe? Na ce abin da suke yi kullum ba tare da an tuna masu ba. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna tun shekarun 1990 cewa wanda ya ƙulla niyya da wani lokaci takamaimai, "idan kaza ya faru zan yi kaza", ya fi mai cewa "zan riƙa yi" cikawa. Sista za ta zauna da kowa minti biyar ya zaɓi nasa. Wani ya ce zai ajiye fakitin a cikin kofin buroshinsa. Wata ta ce a gidan tabaraunta, don ba ta iya komai da safe sai ta sa shi. Wani matashi ya ɗaure fakitin a jikin cajarsa da roba. Wannan ya fi burge ni, don wayar ta yi aikin tunatarwa ba tare da ta yi ƙara ba.

22 ga Yuli

Akwai mutumin da nake alfahari da shi a teburin lissafi. Tun ranar farko bai taɓa fashin turo 1 ba, kuma cikin minti biyu yake amsawa. Da na so in nuna wa wani cewa aikin yana tafiya, layinsa nake nunawa.

Makon jiya ya zo awo, na'ura ta nuna 170 bisa 100. Sista ta bar shi ya huta minti goma ta sake, kusan haka. Ba ta ce masa komai ba, ta ce gobe ya zo mata da fakitin maganinsa ta duba ko na jabu ne. Ya kawo. Fakitin wata guda, an ɓalle huɗu kawai.

Ina wurin lokacin. Ta juya fakitin a hannunta, ta ce, "Alhaji, me maganin nan ya yi maka?" Na lura ba ta ce me ya sa ba ka sha ba. Ya yi shiru, can ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna idon sawunsa. Ya ce tun da ya fara sha ƙafafunsa ke kumbura da yamma har takalmi ba ya shiga, wani ya ce masa alamar ciwon ƙoda ce, shi ya sa ya ajiye. Ta ce, "To me ya hana ka turo 2?" Ya ce, "Sista, kunyarki nake ji. Kuna ta ɗawainiya da mu, in zo in ce ban sha ba?"

Maganin amlodipin ne, kuma kumburin ƙafa sananne ne a cikin abubuwan da yake jawowa, musamman in an ƙara yawansa. Ta yi masa bayani, ta tura shi wurin likita, aka duba ƙodarsa, aka sauya masa wani. Abin da da an sani tun makon farko kiran minti uku ne ya ɗauke shi, sai da ya kwashe wajen mako shida jini yana sama.

Na kwana ina tunanin laifin wa. Na ga nawa ne. Na tsara tambayar da amsa ɗaya ce kawai mai fita kunya, na kuma sa mata lamba mafi sauƙin latsawa. Kwamfuta ba ta san an sha magani ba, abin da ta sani an latsa 1. Mun sauya rubutun: "Kusan kowa yakan manta wani lokaci. A makon nan kwana nawa magani ya wuce? Turo lamba daga 0 zuwa 7." Mun ƙara layi na biyu sau ɗaya a wata: "Akwai abin da maganin ke sa ka ji a jiki, kamar kumburi, tari, jiri ko yawan fitsari? Turo 9." Yau Litinin ta farko da sabon rubutun. Teburina ya cika da 1 da 2 da 3, ya yi muni a ido, amma na fi yarda da shi. Mutum huɗu sun turo 9.

9 ga Agusta

Batun tafiya. Injiniya ya sa wa masu manyan wayoyi manhajar ƙirga taku, ya kafa masu 10,000 a rana. Na tambaye shi daga ina lambar ta fito, ya ce ai kowa ya sani. Asalinta talla ce. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokyo, wani kamfanin Japan ya fito da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma. Lambar ta yi daɗin faɗi, ta zauna. Da I-Min Lee ta jami'ar Harvard da abokan aikinta suka bi tsofaffin mata sama da 16,000 a binciken da suka buga a 2019, sun ga masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mace-mace, kuma amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa da ke yin 3,000, ka ce mata 10,000 kamar ka ce ta haƙura ne.

Ƙirgar ma ba abin dogaro ba ce. Waya tana ƙirga taku ne in tana jikin mutum. Mai kayan da ba aljihu zai wuni yana kai-komo a gida, waya na kan tebur, da yamma ta ce masa taku 600. Wasu wayoyin kuma tsarin tattalin batir ɗinsu yana kashe manhajar da zarar an rufe allo. Wata ta ce min ta yi tafiyar da har ta yi gumi, wayar ta ce sifili, ita kam an gama da ita.

An ba mu shawarar mu nemi tallafi mu saya wa kowa agogon hannu mai ƙirga taku. Na ƙi, kuma ga dalilina. A jami'ar Pittsburgh ta Amurka an bi matasa 471 masu son rage ƙiba har shekara biyu. Duka an ba su tsarin abinci da motsa jiki, rabi aka ƙara masu na'urar ɗaurawa a hannu. Sakamakon 2016 ya nuna masu na'urar sun rage kilo 3.5, marasa ita 5.9. A wani gwajin Singafo da aka buga a shekarar dai, an ba ma'aikata na'urar ƙirga taku ta Fitbit, wasu har da ladan kuɗi in sun cika taku. Lokacin da ake biya tafiya ta ƙaru, da aka daina ta koma, kuma zuwa ƙarshen shekara kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke amfani da na'urar. Ba na cewa na'urar banza ce. Wanda ya riga ya so tafiya tana ƙara masa armashi. Amma kuɗin agogo 40 ya isa ya biya katin kiran Sista na tsawon lokaci mai yawa.

Mun koma minti. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Minti 30 sau biyar ya cika 150. Wanda ba zai iya ba ya fara da 10. Agogon kowace waya ya isa wannan aikin, har rakani-banɗaki.

2 ga Satumba

Injiniya ya samu abin da yake so, ɗan kaɗan. Ga masu WhatsApp ya yi masu lissafin jere: duk ranar da ka yi tafiya ka tura alama, ya ce maka "kwana 8 a jere", "kwana 9 a jere". Na yarda abin yana da daɗi, ni ma na shiga. Wata malamar makaranta ta kai 19, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyu, da ta warke ta tura alama sai aka ce mata "kwana 1 a jere". Ba ta sake turawa ba. Da Sista ta kira ta ce, "Duk wahalar da na sha an share, in sake daga farko?"

Ba a share komai a jikinta ba, a allonmu ne aka share. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da kowanne ya ɗauki sabuwar ɗabi'a ɗaya ta kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har an ƙiyasta 254, nesa da kwana 21 da ake yawan faɗa. Kuma fashin rana ɗaya bai rushe komai ba. Mun cire jeren. Yanzu lissafin yana cewa "a watan nan kwana 19 ka yi tafiya", lambar da ba ta komawa baya sai wata ya ƙare. Bayan fashi kuma saƙon da ke zuwa shi ne "Sannu da dawowa", ba tare da ambaton kwanakin da suka wuce ba. Malamar ta dawo ranar Alhamis.

30 ga Satumba

Abu biyu sun lalace a watan nan, duka kan sirri.

Guruf ɗin WhatsApp da muka buɗe don su riƙa ƙarfafa juna bai kai mako uku ba. Kowa yana ganin lambar kowa. Aka fara turo bidiyon masu cewa ga abin da ke warkar da hawan jini har abada a jefar da maganin asibiti, Sista ta koma aikin ƙaryatawa dare da rana. Mutum biyar ne ke magana, sauran sun yi tsit, biyu sun fita. Mun rufe. Madadinsa, wanda ya so mun haɗa shi da mutum ɗaya da ya zaɓa da kansa, su riƙa tambayar juna. Wannan yana tafiya shiru ba hayaniya.

Na biyu ya fi damuna. Wata mata ta roƙi a daina tura mata. Ashe wayar ba tata ce ita kaɗai ba, yaran gida na ɗauka, kuma wani saƙonmu da ya ambaci hawan jini ya kai zancen ciwonta ga waɗanda ba ta so su sani. A fom ɗinmu mun tambayi lambar waya, ba mu tambayi wa da wa ke taɓa ta ba. Yanzu ba sunan cuta ko na magani a kowane saƙo, ga wanda ya nema ma ko kalmar "magani" babu, sai "Yaya makon?" Tebur mai sunaye yana wurin Sista kaɗai, ni da Injiniya lambobin rajista muke gani. Matar ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

21 ga Oktoba

Wani da ke tunanin tallafa mana ya tambaye ni nawa jinin mutane ya sauka. Na ce masa na wasu ya sauka sosai, amma ba zan ɗora wa saƙonmu ba. Ba mu da rukunin da ba a tura wa komai da za mu kwatanta, mutum 40 sun yi kaɗan, kuma waɗanda suka fi sauka su ne aka sauya wa magani. Na ba shi misalin gwajin Cape Town na Afirka ta Kudu da aka buga a 2016: masu hawan jini 1,372, tes na shekara guda, lambar sama ta awon jini ta sauka da wajen maki 2 kawai fiye da ta waɗanda ba a tura wa ba. A Amurka kuma wani gwaji na 2017 ya aika wa mutum sama da 53,000 kayan tunatarwa masu arha, akwatin ƙwaya mai ranaku da murfin kwalba mai agogo, bai sauya komai ba. Fuskarsa ta nuna ba amsar da ya zo ji ba ke nan.

In yi wa na'ura adalci, akwai inda saƙo kaɗai ya yi rawar gani. A Birtaniya gwajin txt2stop na 2011, da masu shan taba 5,800, ya ninka yawan waɗanda suka daina har wata shida, daga kashi 4.9 zuwa 10.7 cikin 100, kuma an tabbatar da gwajin yawu. Sai dai mai barin taba ya riga ya yanke shawara, sha'awa ce ke kama shi, kuma saƙo zai iya riskarsa a daidai lokacin. Namu mutanen yawanci ba mantuwa ce ke hana su ba. Na duba littafin kiran Sista na wata uku: magani ya ƙare ba a samu sayen wani ba, magani yana sa jiri, an ji sauƙi an ɗauka an warke, an yi tafiya an bar fakiti a gida. Mantuwa zalla ita ce mafi ƙaranci a jerin.

Don haka abin da zan iya cewa tsarin yana yi shi ne tacewa. Kowace Litinin yana ware wa Sista mutum shida ko bakwai daga cikin talatin da wani abu, ya ce waɗannan ne ke buƙatar murya a makon nan. Da ba shi, ko ta kira kowa ta gaji, ko ta jira sai sun zo awo. Matsalar ita ce kiran yana cin mata kusan awa biyu a mako bayan ta tashi aiki. Injiniya yana ta zancen kai tsarin ga mutum 400, ya ce kwamfuta ba za ta ji komai ba. Sista ta dube shi ta ce, "Ita kam ba za ta ji ba."

11 ga Nuwamba

Wata shida da buɗe littafin. Mutum 33 suka rage. Cikin bakwai da suka fita, biyu sun sauya layi ba mu same su ba, ɗaya ta fita kan batun sirri, ɗaya ya ƙaura ya koma wani asibiti, uku sun daina amsawa har kira. Na ukun nan na ƙarshe na duba fom ɗinsu, na ga biyu an cike masu ne da hannun wani. Wataƙila tun farko karanta masu ake yi, mai karantawar ya gaji. Laifinmu ne da ba mu tambaya ba.

Abin da ke gaba: saƙon murya ga wanda karatu ke ba wahala, waya ta yi ƙara ya ɗauka ya ji tambayar ya latsa lamba. Mun samu ma'aikacin jinya na biyu da zai karɓi rabin kiran daga watan gobe, kuma sai ya zauna sosai kafin mu ƙara mutum ko ɗaya. Ga goma da suka fi daidaita, za mu gwada mayar da saƙon mako biyu-biyu mu ga ko ɗabi'ar ta tsaya da ƙafarta.

Baba, dattijon daren ƙarfe 2, yana cikin goman. Da Sista ta gaya masa ya ce shi dai a bar masa Litinin ɗinsa, ya saba. Mun bar masa. Ranar Alhamis za mu ɗauki muryar, daƙiƙa 20 kada ta wuce. Na rubuta kalmomin, wannan karon da ƙugiyoyinsu duka tun da faɗa za a yi, kuma Sista ce za ta karanta, don da muka tambaya ba wanda ya zaɓi muryata.